Zaren Shuniya a Hannun Masaba

Ku matso, masu kunne, ku ji. Marasa kunne ku matso ku ga bakina yana motsi. Ni ne Tunau ɗan Barmo, Tunau na Shuniya, wanda ya shiga inda iska take neman izini, ya fito da takalminsa duka biyu. Na taka ƙasashen da suka rasa suna, na ci tuwon abokan gaba na side hannu, na yi wa manya wayo, na kuma yi wa waɗanda suka ƙagi manyan. Makaranta kam ban gama ba. Malaminmu ya matsa mini da in zauna wuri ɗaya, ni kuwa na barbaɗa masa ƙaiƙayi a kujera. Shi ya kasa zama, ni ma ban ƙara zama ba. To amma abin da zan ba ku yanzu, babu malamin da ya taɓa karanta shi.

Duniyarmu ba irin taku ba ce, saƙa ta aka yi. Masaƙan Farko su uku ne: Inna Mazari mai kaɗi, Kaka Allira mai shirya zare, da Baba Ƙoshiya mai jefa shi. Su suka saƙa kowace ƙasa da launinta, suka ɗinke ta da maƙwabciyarta kamar yadda ake haɗa babbar riga. Mu ma saƙa mu aka yi, da mu da awakinmu da kogunanmu. Matsalar ita ce auduga ta ƙare tun kafin kakannin kakanninmu. Idan Masaƙa suna son yin sabon abu, dole su warware tsoho.

Ga yadda suke zaɓar wanda za a warware. Ana jin ganga daga sama, ta kira ƙasa biyu. Kowace ta kawo ɗan dambenta. A zaro zare daga ƙarƙashin kowace ƙasa, inda rini bai kai ba, a naɗe hannun gwaninta da shi. Wanda zaren hannunsa ya taɓa turɓaya, ƙasarsa ce za a ja har ta ƙare. Babu ɗaukaka ƙara, babu ban haƙuri.

A shekarar da nake ba ku labari, gangar ta kira Shuniya, ƙasarmu ta marina, ta kira Garwasa, ƙasar maƙera. Gwanin Garwasa Masaba ne, wanda aka ce da hannu yake miƙe ƙarfe idan guduma ta yi nisa. Namu gwanin kuwa yayana ne, Korau, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma a farkon wannan damina itacen bugun rinannun tufafi ya faɗo masa a hannun dama. Mai ɗori ya ɗora, ƙashi ya kama, amma yatsun ba su ƙara dunƙulewa ba. Mutanen gari ba su sani ba. Ni na sani, don ni nake yanka masa nama.

Na same shi a bayan rijiyoyin rini, na ce, “Yaya, ka faɗa musu. A nemi wani.”

Ya ce, “Wa? Kai?”

“Ni da zan shiga ai da an gama. Tausayin Masaba nake ji.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Tunau, tafi ka taya Inna ɗauko ruwa. Wannan ba wurin wasanka ba ne.”

Inna tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake, wai na shukar baɗi. Na tsaya ina kallon hannunta. Baɗin da ba za a yi ba! A nan zuciyata ta ce mini, kai Tunau, duk wanda ya iya saƙa duniya ai yana da kunne, kuma duk mai kunne ka iya shi. Na ce da Inna zan je ganin gari. Ta dube ni, ta ƙulle mini daddawa da ɗan gumba a tsumma, ta ce, “Kada dai ka jawo mana magana.”

Tsakaninmu da Garwasa akwai wurin da ake kira Kufan Rawaya. Ƙasa ce da aka warware a zamanin kakana. Ba komai a wurin sai zaruruwan tsaye, miƙe a kan rami marar gindi, iska tana kaɗa su suna kuka. A kansu na yi tafiya, ƙafa ɗaya a wannan, ƙafa ɗaya a wancan. Nan da can kana ganin abin da ya saura: rabin turmi, ƙahon saniya ba saniya, ƙofa tsaye ba ɗaki.

A tsakiyar kufan na ji ana cewa, “Samari, taka a hankali, kana girgiza ni.”

Na duba, sai ga wani tsoho rataye. Daga kai zuwa cibiya mutum ne. Daga nan ƙasa kuwa zare ne kawai yake reto. Na gaishe shi, ya ce sunansa Nomau. Ya ce ana cikin jan sa Masaƙa suka sami iya abin da suke buƙata, suka tsaya.

Na ce, “Baba, ai ka yi sa'a.”

Ya ce, “Matata da 'ya'yana suna cikin wani tsauni da aka saƙa a gabas. Ka je ka gaya wa tsaunin na yi sa'a.”

Na faɗa masa inda za ni. Ya yi wata irin dariya da ta sa zarensa rawa. Ya ce, “Za ka roƙe su? Ba sa gani, ba sa jin maganar mutum. Tsufa ya cinye wannan tuni. Junansu kawai suke ji, sai kuma abin da yatsunsu suka taɓa. Gwaninmu bai faɗi don rauni ba, santsi ne ya kwashe shi. Kowa ya gani. Su kuwa turɓaya suka shafa a zarensa, shi ke nan.”

Muna cikin haka sai sama ta yi duhu da fukafukai. Asu ne, irin mai cin tufafi, amma kowanne ya kai girman angulu. A duniyar da aka saƙa kowa, kun san abin da asu yake ci. Nomau ya ce, “Ni sun ɗanɗana sun bari, na yi tsami. Kai ne sabo.”

Da wani ne, da ya yi kuka. Ni kuwa na kwance ƙullin Inna, na tauna daddawa na shafe jikina da ita tun daga goshi har dunduniya, na buɗe hannu na ce, “Bismillarku!” Na farko ya sauko, ya shaƙa, ya yi baya kamar an mare shi. Na bi su da gudu a kan zare ina musu kirari, ragowar daddawar kuwa na shafa wa tsoho a gemu. Ya ce tunda aka warware ƙasarsu bai ji ƙamshin miya ba. Na bar shi yana shaƙa yana hawaye.

Da na shiga Garwasa, ƙasa ja ce, tana da ɗumi a tafin ƙafa, ko'ina ƙarar guduma. Yunwa ta ci ni har na zube a gindin wata maƙera. Wata dattijuwa ta tashe ni, ta toshe hanci, ta ce, “Kai, wace tukunya ce ta yi amanka?” Ta ba ni ruwa na wanke jiki, ta ajiye mini tuwo. Sunanta Iya Gwamma. Na ce mata ni ɗan sarkin wata ƙasa ne a arewa, an sace mini raƙuma.

Ta ce, “To, ɗan sarki, ci. Sai dai sarakunan arewa ba su da shuɗin baba a ƙarƙashin farce.”

Na ɓoye hannuna. Ta ce, “Fito da shi ka ci abinci. Ba kai ka buga gangar ba, ba ni na buga ba.”

Ina cikin ci wani ƙato ya shigo, sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta ce, “Masaba, ga baƙo daga Shuniya.” Na ajiye lomar da na ɗauko. Ya dube ni, ya turo mini nasa naman, ya ce, “Kana da uwa a can?”

Na ce, “Ina da ita.”

Ya gyaɗa kai. Da zan tafi Iya Gwamma ta cika mini tsummana da ƙuli. Ta ce, “Ka gaishe ta. Ka ce wata tsohuwa a nan ma ba ta iya barci.”

Daga ƙarshen Garwasa hanya ta miƙe sama, na yi ta hawa har gajimare ya koma ƙarƙashina. Can na tarar da rumfar Masaƙa. Ba zinariya, ba dogarai, ba komai. Rumfa ce mai yoyo, da masaƙa wadda ba a ganin ƙarshenta, da tsofaffi uku, kowanne ya kai tsawon rimi, idanunsu farare kamar ƙwai. A gefen rumfar fagen damben yake, an share shi.

Na tsaya na yi sallama. Shiru. Na yi roƙo mai kyau, irin wanda da malaminmu ya ji da ya yafe mini. Shiru. Na zage su, na zagi saƙarsu. Ko gezau. Sai na hau gwiwar Inna Mazari na sa hannuna a tafinta. Ta murza ni tsakanin yatsu biyu, har haƙarƙarina ya yi ƙara.

Ta ce, “Allira, ga wani na Shuniya ya hawo. Saƙar ba ta yi kyau ba. Ina jin ranar mun gaji.”

Kaka Allira ta ce, “Roƙo ya zo yi. Duk haka suke.”

Inna Mazari ta juyo da makahon idonta wajena, ta ce, “Ɗan zare, ba ƙin ku muke yi ba. Akwai wani teku da yake ta kuka a yi shi, kuma ba auduga. Ko ku, ko su. Sauka, kana hana ni aiki.”

Ta karkaɗe ni kamar ɓawon gyaɗa. Na faɗi a bayan kwandonta, kuma a nan na zauna ina kallon yadda suke aiki, don mai wayo ba ya gaggawa. Na ga ta zura hannu ƙarƙashin Shuniya ta zaro zare, ta naɗe a kara, ta ajiye a damanta. Ta zaro na Garwasa, ta ajiye a hagu. Dukansu farare, ba ka bambanta su da ido. Ta ɗora tafi ɗaya a kan kowanne, ta zauna jiran ranar. Na fahimci abin da Nomau ya faɗa: ba ruwansu da wanda ya faɗi. Zaren da ya sha turɓaya za su shafa, su bi shi har gida.

Korau zai faɗi, wannan ba shakka. To me zai hana ya faɗi da zaren Garwasa a hannunsa?

Na tuna tuwon Iya Gwamma. Na tuna waken Inna. Ban daɗe ina tunawa ba.

Saura yadda zan ɗaga tafukan nan. Gemun Baba Ƙoshiya ya yi tsawo har yana jan ƙasa. Na lallaɓa na ɗauki bakinsa, na ƙulla shi a igiyar da Kaka Allira take takawa. Ta taka. Kan Baba ya yi ƙasa ya bugi masaƙa, ƙum!

Ya ce, “Allira! Tun farkon duniya kike neman gemun nan!”

Ta ce, “Me zan yi da wannan tsintsiyar?”

Ya ɗaga ƙoshiyarsa, ta ɗaga tata sandar, tsawa ta fara a ƙasashen ƙasa. Inna Mazari ta ce, “Ku ji mini yara!” Ta miƙa hannu biyu ta raba su. Kafin ta mayar da tafukanta, zaren dama ya koma hagu, na hagu ya koma dama, ni kuwa ina cikin kwando ina cin ƙuli. Ku faɗa mini, a duk duniyoyin da kuka sani, wa ya taɓa yin irin wannan?

Ranar dambe mutanen Shuniya suka hawo da shuɗɗan riguna, na Garwasa da jajaye, sauran suka tsaya a gida suna kallon sama. Na hango Iya Gwamma a can gefe, na juya baya. Na sami Inna a cikin namu, ta ce, “Ina ka shige?” Na ce ganin gari. Makaɗa suka fara. Inna Mazari ta miƙo zaren dama ga masu naɗin Shuniya, na hagu ga na Garwasa. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina, Yaya, faɗi abinka lafiya.

Sai Korau ya miƙa musu hannun hagu.

Wurin ya ɗauki guna-guni. Ashe duk safiyar da yake korata in je ɗebo ruwa, yana bayan rijiyoyi yana dukan kututture da hagu. Ban sani ba. Ni, Tunau, ban sani ba.

Suka shiga. Masaba ya saba da masu dama. Duk inda ya kai garkuwa, dukan ta ɗaya gefen yake zuwa. Korau ya same shi a haƙarƙari. Ya sake samun sa a muƙamuƙi. Mutanenmu suka tashi tsaye suna ihu, “Korau! Korau na Barmo!” Inna ta riƙe kafaɗata tana tsalle kamar yarinya. Masaba ya yi tangaɗi, gwiwarsa ta lanƙwashe, hannunsa mai naɗi ya yi ƙasa, saura kaɗan ya taɓa turɓaya. A hannun nan Shuniya take. Da rijiyoyinmu, da wakenmu, da duk bakin da yake ihun nan.

Korau ya ja baya, ya ɗaga hagun don ya gama.

Na kutsa gaban layi, na buɗe murya iya ƙarfina, na ce, “Yaya! Inna ta faɗi! Inna ta mutu!”

Ya juyo. Duk fagen nan da hayaniyarsa, muryata ya ji, ya juyo yana neman ta da ido. Ya gan ta tsaye. Ya gan ni. Masaba ya taso daga ƙasa da dukan ƙarfin da ya rage masa, ya same shi a gefen kai. Na ji ƙarar har a haƙorina. Yayana ya tafi kamar an sare itace, hannunsa na hagu ya nutse a turɓaya.

Wasu cikin mutanenmu suka rungumi 'ya'yansu suka rufe ido. Garwasa ta ɓarke da guɗa. Kaka Allira ta miƙo yatsa ta shafa hannun Korau, ta ji turɓaya, ta kama bakin zaren ta miƙa wa Baba Ƙoshiya. Ya fara ja.

Masaba yana tsaye, hannu a sama. Ƙafafunsa suka fara tafiya. Ya duba ƙasa, ya duba uwarsa, ya ce, “Iya, ai na ci.” Guɗar ta koma kururuwa, kururuwar ta yi ta raguwa. Can ƙarƙashinmu jar ƙasar nan tana zarewa layi layi, ƙarar guduma tana ɗaukewa ɗaya bayan ɗaya. Iya Gwamma ba ta yi kuka ba. Ta zagaya da ido cikin shuɗɗan riguna har ta same ni, ta tsaya a kaina. Idanun ne suka tafi a ƙarshe.

A Shuniya aka ce Masaƙa sun ji tausayinmu. Aka yanka shanu, aka yi musu waƙa. Ni kuwa yara suna jifa ta, manya suna tofar da yawu idan na wuce. Korau ya kwanta har kaka ta shigo. Da ya tashi, kunnensa ɗaya ya mutu, kuma idan ya miƙe tsaye duniya tana juya masa. Bai ƙara shiga fage ba.

Na so in faɗa masa. Amma na san yayana. Mutumin da ya taɓa komawa kasuwa da ƙafa don ya mayar da allurar da ta maƙale a rigarsa, idan ya ji an warware ƙasa guda a kan zamba, zai rarrafa har rumfar can, ya sa hannunsa a tafin tsohuwar nan, ya yi ta murɗawa har ta gane. Masaƙa kuwa kullum suna buƙatar zare, na Shuniya za su ja.

Wata rana da hantsi ya aiko a kira ni. Yana zaune a inuwar bango, Inna tana bayansa. Ya juyo mini da kunnen da yake ji.

Ya ce, “Na ci shi, Tunau. Ka gani?”

Na ce, “Na gani, Yaya.”

“Da hannun hagu.”

“Da hagu.”

“To me ya sa?”

Inna ta daina abin da take yi. Na dubi rijiyoyin rini, na dubi tsummokin da aka shanya suna ɗiga shuɗi a ƙasa. Sai na yi murmushin nan nawa da duk Shuniya ta sani.

Na ce, “Wasa nake yi, Yaya.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya juya mini mataccen kunnen. Inna ta shiga ɗaki, ta fito da takalmina, ta ajiye su a bakin ƙofa ta waje.

Tun daga ranar nake yawo. Na ga tekun da aka saƙa da Garwasa. Yana da kyau ƙwarai, ruwansa yana da ɗumi, kuma idan ka sa kunne a gaɓa kana jin wani abu kamar guduma a can ƙasa. Masunta suna ce mini in shiga in yi wanka. Nakan ce musu ni ɗan sarki ne, ba na wanka a bainar jama'a.